Nana Asma'u da Ƴan Taru: Yadda Karatu ya Kai ga Matan Ƙauye

 

Yau hirarmu ta tarihi a kan wata mace za ta tsaya. Sunanta Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usumanu ɗan Fodiyo. Kafin in shiga labarinta, bari in gaya muku abin da ya sa na zaɓe ta.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne. In an buɗe aji cikin gari, maza sukan zo ba wuya. Amma in an ce mata su zo, sai dalilai su yi yawa. Maigida ya ce karatun mata baƙon abu ne, Nasara sunka zo da shi. Tsohuwa ta ce ita kanta ya riga ya yi tauri. Mai goyo ta ce ga daka, ga ɗiban ruwa, ga itace, ina ta ga sararin zama aji? Na ji waɗannan maganganu uku har ba iyaka. Ku riƙe su a zuci. In mun ƙare labarin, za mu komo kansu ɗaya bayan ɗaya.

GIDAN DA TA TASHI

An haifi Shehu Usumanu cikin shekara ta 1754 a Maratta, ƙasar Gobir. Maratta tana cikin Nijar ta yau, kusa da Galmi, cikin jihar Tawa. Wancan zamani babu iyaka tsakaninmu da Nijeriya. Neman ilimi ya kai Shehu har Agadas, wurin malaminsa Jibril ɗan Umar. Daga baya ya zauna a wani gari ana ce da shi Degel, yana karantarwa yana wa'azi.

Gidansu gidan malamai ne, maza da mata. Kakarsa Ruƙayya malama ce sananniya. Saboda haka karatun mace ba baƙon abu ba ne gare shi.

Da Shehu ya fara yawon wa'azi, mata sunka riƙa zuwa suna saurare. Bai kore su ba. Wani malami ya aiko masa da waƙa ta Larabci, yana zarginsa da haɗa maza da mata wuri guda. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa. Abin da amsar ta ƙunsa shi ne, barin mata ba su san addininsu ba ya fi wannan zama muni. Cikin littafinsa mai suna Nurul Albabi kuma, Shehu ya zargi malaman da ke karantar da almajiran waje, alhali matansu da ɗiyansu mata suna cikin gida ba su san kome ba.

Cikin wannan gida anka haifi Asma'u, a Degel, shekara ta 1793. Tagwaye ne, ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da Usaina za a kira ta. Amma mahaifinta ya raɗa mata Asma'u, sunan ɗiyar Sayyidina Abubakar.

Ta fara da allo kamar kowane yaro. Ta haddace Alƙur'ani. Ta karanta littattafan addini wurin manyanta, maza da mata. Ta iya harshe huɗu: Fulatanci, Hausa, Larabci da harshen Buzaye. Da uku na farko ta yi rubuce-rubucenta.

ZAMANIN YAƘI

Kada ku ɗauka cikin daɗi ta yi wannan karatu. Tana da shekara 11 rigima ta tashi tsakanin jama'ar Shehu da Yunfa, Sarkin Gobir. Cikin 1804 sunka bar Degel, sunka yi hijira zuwa Gudu. Cikin shekarar nan anka gwabza a Tabkin Kwatto. Daga nan sai tafiya daga wannan sansani zuwa wancan, ga yunwa, ga ciwo, ga mutuwa. Yarinyar ta ga duk wannan da idonta.

Cikin 1808 Alkalawa, babban birnin Gobir, ya faɗi, anka kashe Yunfa. Cikin 1809 anka fara gina Sakkwato. Asma'u ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, abokin wanta Muhammadu Bello. Shehu ya rasu cikin 1817. Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo kuwa wazirinsa.

A nan ya kamata mu faɗi gaskiya, domin tarihi ba ya son ɓoye-ɓoye. Da yawa cikinmu, kakanninmu suna ɗaya gefen ne a wannan yaƙi. Katsinawan da sunka ƙi miƙa wuya sunka yo arewa tare da Ɗan Kasawa, sunka kafa sarautarsu a Maraɗi. Cikin 1836 Bello ya ci Gobirawa da Katsinawan Maraɗi a Gawakuke, har Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda sunka mutu wurin. Bayan wannan ne Gobirawa sunka kafa Tsibiri. Nana Asma'u ta yi waƙa tana murnar nasarar Gawakuke, domin ita tana gefen ɗan'uwanta. Mu ba mun zo raba wannan tsohuwar gardama ba ne. Abin da muke so mu duba shi ne aikin da ta yi wa mata bayan ƙura ta lafa.

Yaƙi ya bar ɓarna mai yawa. Ƙauyuka sun cika da matan da mazansu sunka mutu. Ga marayu. Ga matan da anka kamo daga Gobir da wasu wurare, anka raba su da danginsu, anka kai su gidajen da ba su sani ba. Yawancinsu Hausa kawai suke ji. Littattafai kuwa da Larabci suke, waƙoƙin Shehu da yawa da Fulatanci. Malamai suna cikin birni, su kuwa suna ƙauye. In ciwo ko baƙin ciki ya samu mace, gidan bori ne mafi kusa da ita.

To, ina dabara? Matar waziri ba ta iya bin ƙauyuka ɗaya ɗaya. Matan ƙauye kuma ba su iya barin gidajensu su tare a Sakkwato.

DABARA TA FARKO: WAƘA

Nana Asma'u ta san abin da kowace mace ta sani. Abin da anka sa cikin waƙa ba ya saurin fita daga kai. Mace tana daka tana waƙa. Tana kaɗi tana waƙa. Tana lallashin yaro tana waƙa. Sai ta mai da darasi waƙa, cikin harshen da mata ke ji.

Ta rubuta waƙoƙinta da ajami, wato Hausa ko Fulatanci da baƙaƙen Larabci. Ga kaɗan daga cikinsu, da abin da kowace ke koyarwa.

Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani duka 114. Wadda ta haddace ta, ta san sunan kowace sura, ko da ba ta taɓa riƙa allo ba.

Akwai Tabbat Haƙiƙa. Asalinta waƙar Shehu ce da Fulatanci, ita ta mai da ita Hausa. Tana gargaɗi ga mai mulki da talaka, kowa ya san hakkin da ke kansa, kuma azzalumi ya san akwai ranar hisabi.

Akwai Waƙar Gewaye, wadda ke ba da labarin hijira da yaƙe-yaƙe wuri bayan wuri. Wannan tarihi ne cikin waƙa.

Akwai Godaben Gaskiya, mai nuna halin kirki da sakamakonsa, da mugun hali da sakamakonsa.

Akwai kuma Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Muhammadu Bello ya rubuta littafi da Larabci a kan mata salihai, ita kuma ta mai da shi waƙa. Cikinta ta ambaci matan Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, da ɗiyansa, da waliyyai mata irin su Rabi'atul Adawiyya. Ba ta tsaya nan ba. Ta sa sunayen matan ƙasarta da ta sani, waɗanda sunka yi karatu sunka karantar. Ku duba hikimar wannan. Matar ƙauye tana jin sunan mace irinta cikin jerin manyan bayin Allah. Sai ta gane ashe ita ma ƙofa a buɗe take gare ta.

Ayyukanta da sunka iso gare mu sun kai wajen 60. Iliminta ya sa malamai maza suna girmama ta. Wani malami ya zo daga ƙasar Muritaniya, ita ta rubuta masa waƙar maraba da Larabci.

DABARA TA BIYU: JAJI

Waƙa ba ta da ƙafa. Sai an samu mai kai ta. Tsakanin 1830 da 1840 Nana Asma'u ta shirya yadda za a yi.

Cikin ƙauye akan zaɓi mace guda, dattijuwa, mai hankali, wadda jama'a sunka yarda da ita. Ita ake kira jaji. Kun san wannan kalma daga fatake: jaji shi ne mai shiga gaban ayari, wanda ya san hanya. Matan da ke bin jaji su ake kira ƴan taru, wato masu taruwa.

Nana Asma'u da kanta take naɗa jaji. Takan ba ta malfa, ta naɗa mata jan rawani bisa malfar. Mutanen Tsibiri da Maraɗi, wannan ya kamata ya tuna muku da wani abu. A Gobir akwai sarautar Inna, mace daga gidan sarauta, shugabar mata kuma shugabar ƴan bori. Irinta a Maraɗi ita ce Iya. Malfa tana cikin alamun girman Inna. Matan Gobir sun saba, in sun ga mace da malfa, sun san shugaba ce. Nana Asma'u ba ta yar da wannan alama ba. Ta ɗauke ta, ta ɗora bisa kan malama. Abin da mata sunka riga sunka sani, da shi ta jawo su zuwa abin da ba su sani ba.

Su wa ke tafiya? Tsofaffin da sunka gama haihuwa, da ƴan mata ƙanana da ba a yi wa aure ba. Matan aure masu ƙuruciya sukan zauna gida. Ta haka ba wani maigida da zai ce an fitar masa da mata.

In rani ya yi, an gama aikin gona, sai jaji ta sa malfarta ta shiga gaba. Ƴan taru na biye da ita, a ƙasa, suna tafe suna rera waƙoƙin da sunka koya. Na nesa tafiyar kwanaki suke yi. Sukan ɗauko ɗan abin da sunka samu: hatsi, zuma, man shanu, zare ko ƙyalle. Matan da ba su samu zuwa ba su ma sukan ba da nasu saƙo. In sun iso, Nana Asma'u takan karɓe su cikin ɗakinta. Ta ji tambayoyinsu, ta ba su amsa, ta koya musu sabuwar waƙa, ta bayyana musu ma'anarta. Kayan da sunka kawo kuwa, akan raba wa mabukata: makafi, guragu, marasa lafiya.

In sun koma gida, sai aikin ya soma. Jaji da ƴan taru su bi gida gida, su koya wa matan aure abin da sunka jiyo. Yadda ake alwala da salla. Yadda ake azumi. Yadda mace ke zama da dangi da maƙwabta. Su ke wankan gawar mata. Su ke taimakon mai haihuwa. Su ke duba marayu da marasa lafiya. In mata biyu sun yi faɗa, jaji ke sasanta su.

Ku lissafa da kanku. A misali, in malama guda ta koya wa jaji 10, kowace jaji kuma ta koya wa mata 10, mata nawa ke nan? 100. To haka karatun mace guda ya bazu cikin ƙasa, ba mota, ba rediyo, ba injin buga takarda.

ABIN DA MATAN SUNKA SAMU

Mu tsaya kaɗan a kan ita jajin. Kafin a naɗa ta, wace ce ita? Tsohuwa ce ta ƙauye. Wataƙila mijinta ya mutu. Ɗiyanta sun yi aure sun watse. Mutane na ganin aikinta ya ƙare, sai jiran ajali. Ran da ta komo da malfa da jan rawani, sai ga ta da aiki, ga ta da suna. Ana sallama ƙofarta ana tambayarta. Abin da ke cikin kanta ya zama abin nema.

Nana Asma'u ta san darajar waɗannan mata. Ta yi waƙoƙin makoki ga manya, kamar ɗan'uwanta Bello da ya rasu a Wurno cikin 1837, da mijinta Giɗaɗo. Amma ta yi irinsu ga matan da ba su da sarauta. Ta yi wa wata maƙwabciyarta Halima, tana yabon kirkinta da riƙon zumuntarta. Ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u, tana tuna yadda take kawo mata ƴan taru shekara da shekaru ba gajiya. Masu dukiya da yawa na wancan zamani an manta da sunansu. Sunan Hauwa'u yana nan, domin an rubuta shi.

Kada kuma mu ƙara gishiri. Nana Asma'u mutuniyar zamaninta ce. Ba ta kau da kulle ba. Bauta tana nan lokacinta, har bayan ranta. Karatun ƴan taru na addini ne da zaman duniya, kuma yawancinsa da ka ake yinsa, ba kowace ta iya riƙa alƙalami ba. Amma cikin halin da ta tarar, ta buɗe wa matan ƙauye hanyar da ba su da ita.

BAYAN RASUWARTA

Nana Asma'u ta rasu cikin 1864, tana da shekara 70 da ɗoriya. An rufe ta a Sakkwato, kusa da kabarin mahaifinta. Sarautar waziri ta zauna cikin zuriyarta, tun daga ɗanta Abdulƙadir wanda ya gaji Giɗaɗo.

Aikin bai mutu da ita ba. Ƙanwarta Maryamu ta ɗauka, ta ci gaba a Wurno. Bayan Maryamu, ɗiyarta Tamodi ta karɓa. Ingilishi sunka ci Sakkwato cikin 1903, mulki ya sake hannu, amma ƴan taru ba su daina taruwa ba.

Takardunta kuwa zuriyarta sunka adana. Waziri Junaidu na Sakkwato, wanda ya rasu cikin 1997, yana cikin wannan zuriya. A wurinsa wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, ta samu waƙoƙin. Ta fitar da littafi a kan rayuwar Nana Asma'u cikin 1989. Cikin 1997 ita da wata malama ta Amurka, Beverly Mack, sunka buga ayyukanta a haɗe. Daga nan sunanta ya kai ƙasashen da ita ba ta taɓa takawa ba. Har a Amurka an samu mata Musulmi da sunka kira ƙungiyarsu Ƴan Taru. Ku lura, abin da ya tsare mata suna shi ne rubutu.

MU KOMO KAN MAGANGANUN NAN UKU

Maigida, kai da ka ce karatun mata Nasara sunka zo da shi. An haifi Nana Asma'u cikin 1793. Sojan Faransa ba su ci Damagaram ba sai 1899. Shekara 106 ke nan tsakani. Mahaifinta a ƙasarmu anka haife shi, kuma shi da kansa ya zargi mai barin iyalinsa cikin duhu. Ashe karatun mace gado ne, ba aro ba.

Inna, ke da kinka ce kin tsufa. Tsofaffi Nana Asma'u ta zaɓa ta naɗa wa rawani. Ta san su ke da haƙuri, su ke da sarari, su ake jin maganarsu. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi. To furfurar mace ma ba ta hana shi.

Ƴar'uwa mai goyo, ke maganarki ta fi sauran nauyi, domin gaskiya ce aiki ya yi miki yawa. Amma duba yadda anka yi wa irinki wancan lokaci. Ba a ce ta bar gidanta ba. Karatu anka kai mata har tsakar gida, ta koye shi kaɗan kaɗan tana cikin aikinta. In ba ki iya zuwa aji kullum, nemi maƙwabciyar da ke zuwa, ta nuna miki baƙi biyu yau, biyu gobe. Maigida kuma ya taimaka da itace ko da ruwa ranar aji. Wannan ba ya rage masa girma.

Ku kuma mata da kunka riga kunka iya haɗa baƙi, har kuna karanta wannan takarda da kanku, kun samu abin da da yawa cikin ƴan taru ba su samu ba. Kuna iya rubuta sunanku. Kuna iya duba lissafin adashi da na awo, ba mai cutarku. Kuna iya rubuta wa ɗanku wasiƙa, ba sai wani ya ji asirinku ba. Kowace cikinku jaji ce a unguwarta, ko ba malfa. Ta nemi mace guda ta koya mata.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA CIKIN AJI

1. A wane gari anka haifi Shehu Usumanu, kuma cikin wace ƙasa garin yake yau?
2. Don me Nana Asma'u ta sa darussanta cikin waƙa?
3. Daga wace sarauta ta ɗauko malfar da take ba jaji?
4. In ita ta rasu cikin 1864, shekara nawa ke nan zuwa bana?
5. Cikin garinku, me ke hana mata zuwa aji, kuma me za ku iya yi a kai?

Ku tattauna tsakaninku, maza da mata. Abin da kunka yanke, ku sa ɗaya daga cikinku ya rubuta da hannunsa, ku aiko mana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.